Haƙurin da Ban Bayar Ba

Juma'a, da hantsi

Darakta ya kira ni ofishinsa tun ban ajiye jaka ba. Bai ce in zauna ba, ni ma ban nemi kujera ba. Ya ce tun da ya fara aikin ƙungiya bai taɓa ganin shugabar masu neman tallafi ta kori mai ba da tallafi da bakinta ba. Na ce ni ban kori kowa ba, Alhaji da ƙafarsa ya zo, da ƙafarsa ya tafi. Ya ce wannan bakin nawa shi zai rufe mana ɗakin aiki.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na daina juya shi a kaina. Ƙungiyarmu ƙafar roba take haɗa wa waɗanda suka rasa ƙafa, kyauta. Robar da ƙarfen da madaurin duk daga aljihun Alhaji mai gidajen mai suke fitowa, shekara da shekaru. A watan nan ne zai sabunta alkawarinsa, shi ya sa ya kawo mana ziyara jiya, da mai hotonsa da direbansa da wasu ma'aikatansa. Ya tafi bai sabunta ba. Injiniya, wanda shi ke haɗa ƙafafun, ya ce kayan da suka rage a sito ba za su kai mu ƙarshen wata ba, ga mutane a layi suna jira.

Darakta yana so in je in ba Alhaji haƙuri a gaban ma'aikatansa, tunda a gabansu abin ya faru. Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake yi, tun jiya na gama tunanina.

Juma'a, bayan la'asar

Ban ba da haƙuri ba.

Asabar, da safe

Na wanke labulen falo da ba su yi datti ba, na goge firji ciki da waje. Maigida yana zaune da rediyonsa yana kallona ta saman tabarau. Can ya rage muryar rediyon ya ce, "Maman yara, wai me kika ce wa bawan Allahn nan ne takamaimai?"

Na ce, "Ba komai."

Ya ce, "Innalillahi. In kika ce ba komai, to an yi ɓarna." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ƙara da cewa shi fa ya fi Alhaji juriya, tun gashinsa yana baƙi yake shan bakin nan, bai taɓa janye tallafi ba. Na jefe shi da tsumman goge firjin. Ya cafe, ya ninke, ya ajiye a hannun kujera, ya ce in dai ci wani abu, don da alama faɗan nan mai tsawo ne.

Ba zan rubuta kalmomin da na faɗa ba. Har mai gadi ya haddace su, ba sa buƙatar takarda.

Litinin, da hantsi

Taron sashe. Sashen ma mu nawa ne, ni ce da Dogo da Maman Biyu. Dogo ya shigo kafaɗa a zube kamar wanda ruwa ya yi wa duka. Maman Biyu tana ta danna waya ba ta kallon abin da take dannawa, na san makarantar 'yan biyunta take tunani in aiki ya tafi.

Na ce su ɗago kai, ba gaisuwar mutuwa muka zo ba. Na maimaita musu abin da nake faɗa wa duk wanda ya fara aiki a hannuna. Mu ba bara muke yi ba. Wanda za ka je wurinsa yana da kuɗi, kai kuma kana da aikin da kuɗinsa shi kaɗai ba zai iya yi ba. Don haka ka shiga da sallama, ka zauna a kujera sosai, kada ka ɗosana a bakinta kamar wanda ya zo cin bashi. Ka faɗi abin da ake buƙata a fili, ba kwana-kwana. In ka faɗa, ka kulle bakinka. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ka rage buƙatar, ko ka ce ai ko yaya ne ma an gode. Kada ka yi. Mutumin tunani yake yi, ka bar shi ya gama.

Maman Biyu ta ce a hankali, idonta a kan waya, "Anti, da ke ma kin kulle naki ranar Alhamis ai da ba mu zo nan ba."

Na ce ranar Alhamis ba tambaya nake yi ba. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata ya fi zagi zafi.

Da aka tashi Dogo ya tsaya yana jujjuya biro. Ya ce, "Anti, ni ne fa na shimfiɗa tabarmar. Mai hoton ya ce in kawo, na ruga na kawo, wallahi ban yi tunani ba." Na ce ya bar zancen. Ba shi ne shugaba ba, ni ce, kuma in za a tuhumi wani a sashen nan to a fara da mai kujera. Na tura shi ya je ya fara buga waya.

Talata, bayan azahar

Darakta ya kawo mana mai horo, wai ya gyara mana tunani. Saurayi ne mai kwat da turare mai hawa kai, ya zo da majigi da alƙaluma kala-kala. Ya sa mu yin tafi sau ba adadi. A tafa wa kai, a tafa wa na kusa, a tafa wa gobe. Har Injiniya aka fito da shi daga ɗakin aiki, yana tafi garin filasta yana tashi daga hannunsa.

Sai ya rubuta a allo da jan alƙalami cewa mai bayarwa ba ya kuskure. Kowa ya juyo yana satar kallona. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, in ba ya kuskure, me ya sa yake neman shawararmu kan inda zai sa kuɗinsa?" Darakta ya yi gyaran murya. Mai horo ya ce a tafa wa tambayar. Aka tafa, ba a amsa ba.

Amma ba zan yi masa ƙarya ba, ya faɗi abu ɗaya da ya zauna mini. Ya ce shugaba yana da ikon yin fushi, sai dai ya duba ko wa zai biya kuɗin fushin, shi ko waɗanda ba su da baki a wurin. Ban tafa ba. Har yanzu maganar tana yi mini kai-kawo a ƙirji, kuma haushi nake ji da ta fito daga bakin mai turaren nan.

Laraba, da yamma

Waya tun safe. Mai kamfanin fenti ya ce bana ba hali. Matar da ke da makarantu ta ce a dawo bayan an shiga sabon zango. Wani ya ce ya ji labarin abin da aka yi wa Alhaji, ya kashe wayar. Labari dai ya zaga.

Dogo ya kifa kai a tebur bayan na ƙarshen. Na ce masa a'a ba zagi ba ce, amsa ce, kuma wanda ya ce maka a'a kai tsaye ya yi maka kirki, ya fi mai cewa zai duba yana sa ka zarya. Ka gode masa, ka tambaye shi wa ya sani da abin zai taɓa zuciyarsa, ka buga na gaba. Na faɗa da ƙarfi kamar ni ba abin da ya dame ni. Na koma teburina na zauna.

Alhamis, da hantsi

Na gudu daga wayoyi na shiga ɗakin aiki, don can ne kaɗai ba a yi mini kallon gefe. Injiniya yana gwada wa wani dattijo ƙafa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo kamar ban taɓa gani ba. Mai ƙafa yana zama ne a kan doguwar kujera mai hannu, Injiniya ya durƙusa a gabansa, ya ɗora dungun a tafin hannunsa, ya sa safa, ya zura ƙafar, ya ɗaure madauri yana tambaya, nan ya matse, nan fa. Duk wandunan Injiniya sun koɗe a gwiwa. Matarsa ta gaji da faci ta ƙyale shi.

Haka ake yi a nan tun da aka buɗe wurin. Shi ya sa ranar da Alhaji ya zo na kasa haƙuri.

Inna mai ɗinki muka gayyato ranar, don ita ce abin alfaharinmu. Ta daɗe da karɓar ƙafarta, da ita take taka keken ɗinki, da ita ta aurar da 'ya'yanta. Da ƙafafunta biyu ta shigo, ta ci kwalliya, har da sabon takalmi. Sai mai hoton Alhaji ya ce hoton ba zai taɓa zuciya ba. A cire ƙafar, a shimfiɗa tabarma, Inna ta zauna a ƙasa ta ɗaga hannu, Alhaji yana tsaye yana miƙa mata. Ya ce in da hali ta ɗan ɓata fuska. Na ga hannun Inna ya tafi kan madauri. Ban san lokacin da na tsaya a gaban kyamarar ba. Daga nan sai bakina ya buɗe.

Da za a maido ranar, a nan zan sake tsayawa.

Lahadi, bayan azahar

Kaina yana sarawa. Ban ba da haƙuri ba.

Litinin, da safe

Darakta ya ce kwamitin amintattu zai zauna a kaina. Na ce su zauna lafiya, Allah ya ba su kujeru masu laushi.

Injiniya ya tare ni a baranda, bai iya kallon idona ba. Ya ce robar ta ƙare, ya sallami waɗanda aka sa wa rana a makon nan. Na farko a cikinsu wani direban babbar mota ne da ya rasa ƙafa a hatsari. Ya zo da sandunansa tun da sassafe, ya yi aski, ya zo da takalmi ƙafa biyu a leda. Injiniya ya ce da ya gaya masa, sai ya ɗauki ledarsa ya juya.

Na ce wa Injiniya ya goge injinansa ya zuba musu mai, kada ya rufe su da tampol. Ya ce, "Malama, kina da wata dabara ne?" Na ce ina da ita. Ba ni da ko ɗaya.

Talata, da la'asar

Na je shagon Inna mai ɗinki. In faɗi gaskiya, ƙarfin gwiwa na je nema. Na ɗauka a duk garin nan ita kaɗai ce za ta riƙe hannuna ta ce Allah ya yi miki albarka.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Na tarar tana taka keke, yadi yana zuba a cinyarta, allura a bakinta. Ta amsa sallamata ba ta tsayar da keken ba. Sai da ta kai ƙarshen layin ɗinkin, ta yanke zare, ta cire allurar, sannan ta dube ni.

"Malama, ashe ke ce. Na ji an ce an daina haɗa ƙafa."

Na ce na ɗan lokaci ne, kuma ni ban yi nadama ba, ba zan bari a wulaƙanta ta a gabana ba.

Ta ce, "Wa ya aike ki?"

Ba ta jira amsata ba, ta maimaita.

"Na ce wa ya aike ki ki ji kunya a madadina? Ƙafar nan taki ce? Kin san direban da aka mayar jiya da takalminsa a leda? Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yara huɗu, ga mata da goyo, yana zaune a gida yana kallon bango. Da zaman tabarma na minti kaɗan zai sa ya miƙe, ke kina ganin ba zan zauna ba? Na zauna a wuraren da suka fi tabarmar nan muni, kina ina?"

Na ce, "Inna, ai bai kamata ba ne."

"Ni ma na san bai kamata ba, ba jahila ba ce ni. Wataƙila da na cire, wataƙila da na gaya masa abin da ya fi naki zafi. Hannuna yana kan madauri ina tunani ne, kika tsallo kika tsaya a gabana kamar 'yar goye kike karewa. Shi mai hoto bai tambaye ni ba, ke ma ba ki tambaye ni ba. Duk ɗaya kuke a wurina."

Ta mayar da allura baki ta ci gaba da taka keke. Na fito ko sallama ban iya yi ba. Na yi fushi sosai, irin fushin da ba ka da inda za ka ajiye shi.

Laraba, da safe

Duk ɗaya muke, wai. Ni da mai hoto.

Laraba, da yamma

Maigida ya gaji da ganina ina zarya tsakanin kicin da falo. Ya ce, "To yanzu ita ma za ki je ki gaya mata ba komai ɗin ne?" Na ce ita ba ta fahimta ba ne. Ya ce, "Ikon Allah. Mai ƙafa ba ta fahimci ƙafarta ba, sai ke." Na shige ɗaki na rufe ƙofa da ƙarfi. Ya bi ni da murya wai in tausaya wa ƙofar, ita ba ta da mai tallafa mata.

Har yanzu ina nan a kan bakana game da tabarmar. Ba a zaunar da mutanenmu a ƙasa don wani ya yi tsawo a hoto. Amma ni da nake koya wa mutane su yi tambaya su yi shiru, ban san yadda aka yi na tsallake wadda ta fi kowa cancantar a tambaye ta ba.

Alhamis, da hantsi

Na koma shagon. Na zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, sosai, ban ɗosana ba. Na ce, "Inna, zan je wurin Alhaji in nemi ya dawo da tallafinsa. Ba zan ba shi haƙuri kan tabarma ba. Me kike so a yi?" Na kulle bakina.

Ta ɗinka hannun riga guda cur ba ta ce uffan ba. Mai gyaran waya ya kunna kiɗa ya kashe. Sau biyu magana tana zuwa mini har leɓe ina mayar da ita. Can ta ce, "Yaushe za ki?" Na ce Litinin. Ta ce, "Ki biyo ta nan. Kuma in mun je, ki faɗi naki ki bar ni da nawa."

Na tambaye ta me za ta ce. Ta ce wannan kuma ba ni na aike ta ba.

Asabar, da yamma

Ban gaya wa Darakta da wa zan je ba. Ya ji an ba ni lokaci, ya ɗauka haƙuri zan kai, har ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin.

Litinin, bayan la'asar

Ofishin Alhaji yana saman ɗaya daga gidajen mansa, sai an hau bene. Na miƙa wa Inna hannu a bakin matakala ta ture shi, ta hau da kanta tana dafa ƙarfe. An bar mu a ɗakin jira har sanyin na'ura ya fara shiga mini ƙashi.

Da muka shiga yana bayan wani ƙaton tebur mai gilashi. Ya gaida Inna da ladabi, ni kuma ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Malama, an ce haƙuri kika kawo."

Na ce, "Alhaji, buƙata na kawo." Na gode masa kan shekarun da ya yi yana tsaye mana, kuma da zuciya ɗaya na gode, don gaskiya ce. Na ce kaya sun ƙare, an fara mayar da mutane gida, ina roƙon ya sabunta alkawarinsa na shekara cikakke. Na ce ƙofarmu a buɗe take ga mai hotonsa, da sharaɗin a tambayi kowane mutum yadda yake so a ɗauke shi, in ya ce a'a a bar shi. Na kai aya, na kulle bakina.

Ya jujjuya makullin mota a kan gilashin. Ya ce, "Kin san abin da ya ƙona mini rai? A gaban direbana kika yi mini. Ni ban ce a zaunar da kowa a ƙasa ba, yaron nan mai hoto ne ya tsara abinsa." Amsa ta zo mini a shirye, mai kaifi, na ji ɗanɗanonta a harshe. Na haɗiye ta. Wallahi ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irinta ba.

Cikin shirun ne na ji ƙarar madauri. Na juya na ga Inna ta ɗage zani kaɗan tana kwancewa. Duk jikina ya ce in tashi in tsaya a gabanta. Na riƙe hannun kujera na zauna. Ta zare ƙafar, da sabon takalmin a jikinta, ta ɗaga da hannu biyu ta ɗora a kan gilashin teburin, kusa da wayoyinsa.

Ta ce, "Alhaji, ga ta. Da dukiyarka aka yi ta, Allah ya saka maka da alheri, na ci abinci da ita. Ranar nan kai ba ka tambaye ni ba, ita ma ba ta tambaye ni ba, shi ya sa na zo da bakina. Hoto kake so, ni ba na jin kunyar dunguna, a kira mai hoton yanzu. Sai dai a yi yadda ake yi a can. Ni a kujera nake zama, mai sa mini ne yake durƙusawa."

Alhaji ya dubi ƙafar, ya dubi Inna, ya dube ni kamar yana jiran in fassara ko in sassauta. Na zuba wa makullin motarsa ido. Sai ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Inna, ni gwiwoyina ba za su yarda ba, ko salla a kujera nake yi."

Ta ce, "To ai ka gani. Ni ma ƙasa wahala take ba ni."

Ba a kira mai hoto ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ƙafar kuma dole a mayar, Injiniya ba ya nan, don haka ni na ɗauko ta daga teburin na durƙusa a kan kafet ɗinsa. Ashe duk shekarun nan da nake yawon nema mata kuɗi ban taɓa sa wa kowa ba. Na juya ta baibai. Inna ta buge mini hannu ta ce, "Ke Malama, ba ki san gaba da baya ba ne? Safa tukuna." Da na ɗago don in share gumi na ga Alhaji ya taso ya leƙo ta saman tebur yana kallon yadda ake ɗaure madaurin.

Ya ce, "An ce ƙanenki yana layi. Tun yaushe yake jira?"

Ta ce, "Tun matarsa tana da ciki. Yanzu yaron har ya fara zama."

Ya koma ya zauna. Ya ce za mu ji daga gare shi. A matakala Inna ta ce na matse mata madauri da yawa, kuma hannuna sanyi kamar na ma'aikaciyar asibiti.

Talata, da hantsi

Darakta ya ji da wa na je. An jiyo muryarsa har bakin geti. Na bar shi ya gama, na ce ita ta ce za ta je, ni rakiya na yi.

Alhamis, da yamma

Shiru. Dogo yana zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Na hana kowa ya kira ofishin Alhaji. An yi tambaya, sai a bar mutum ya gama tunaninsa. Ni kaina na ɗauki wayar na ajiye ban san sau nawa ba.

Litinin, bayan azahar

Alhaji ya sabunta, shekara cikakkiya. Motar kaya za ta zo jibi.

Kwamiti kuma ya ce in sauka daga shugabancin sashe, Dogo ya riƙe, ni in koma ƙarƙashinsa. Ko Alhaji ne ya sa wannan sharaɗin, ko Darakta ne ya cusa nasa a ciki, ban sani ba, kuma ba zan tambaya ba. Darakta ya ce da na ba da haƙuri tun farko da ba a kai ga haka ba. Na ce na sani.

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ni na kafa sashen nan tun ba mu da ko tebur. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na gyara ɗauri, na fito na kwashe kayana daga babban teburin. Dogo ya rantse ba zai zauna a kujerar ba. Na ce ya zauna, kuma ya zauna sosai, in na ga ya ɗosana a bakinta ni da shi ne. Maman Biyu ta kawo mini shayi ta ajiye, ta zuba sukari yadda nake so.

Maigida ya ce to yanzu shi kaɗai ya rage mini in shugabanta, Allah ya ba shi ikon ɗauka.

Ban ba da haƙuri ba.

Juma'a, da hantsi

Inji yana ta ƙara a ɗakin aiki tun safe, warin roba ya cika baranda. Direban ya dawo da ledarsa. Inna ta rufe shago ta biyo shi, ta zauna a gefe tana ba Injiniya umarni kamar ita ta koya masa aikin.

Aka zaunar da shi a doguwar kujera. Injiniya ya durƙusa, ya sa safa, ya zura ƙafar, ya ɗaure, ya ciro takalmin daga leda ya sa masa duka biyun. Direban yana ta kallon ƙafafunsa.

Dogo ya shigo da waya a hannu, don yanzu shi zai riƙa aika wa Alhaji rahoto, kuma ana son hoto a ciki. Ya ɗaga wayar, sai ya tsaya. Ya sauke ta, ya matsa kusa, ya rage tsawo ya ce, "Yaya, ana son hoto don wanda ya sayi kayan. In ɗauka, ko in bari?" Ya kulle bakinsa.

Direban ya daɗe bai amsa ba. Na ga maƙogwaron Dogo yana motsi, na san magana ce take neman fita, amma ya riƙe ta. Can direban ya kai hannu ya kama ƙarfen da ake dafawa a koyi tafiya.

Ya ce, "Bari in miƙe tukuna."

Dogo ya mayar da wayar aljihu, muka tsaya muna jiransa.